Kalangu a Ƙofar Maƙera

Bari in faɗi wautar da na tafka da bakina tun kafin Kawu Mande ya riga ni, domin shi idan ya ɗauki labari sai ya zuba masa gishiri da barkono har mai shi ya kasa gane kansa.

Sunana Basiru, gidanmu gidan maƙera ne a Ƙaura. Da bikin yayana Lawali ya matso, Baba ya rarraba aiki, ni aka ce in nemo makaɗa, wai tunda kullum kunnuwana a toshe suke da waƙa. Na je na yi magana da masu kalangun da suka fi kowa tashe a gari, na dawo ina taku kamar wanda ya ciyo kofi. Ashe kowace sana'a da gangarta. Kalangu na mahauta ne. Maƙera dundufa ake kaɗa musu, wata doguwar ganga mai baki ɗaya da ake kafawa a ƙasa. Ni ban taɓa ganinta ba, don mai kaɗa ta na unguwarmu ya rasu tun ina rarrafe.

Kakanmu, Kaka Jaɓɓi, yana bakin wuta a maƙera lokacin da na kai masa albishir.

"Mi kac ce ka ɗauko, ɗan nema?"

"Kalangu, Kaka. Na zamani, har da lasifika."

Ya ajiye masabarsa ta dukan ƙarfe a hankali. "Kalangu. Ƙofar gidana. To a kawo akuya in fara fiɗa, a naɗa ni Sarkin Fawa."

Na yi dariya, na waiwaya na ga ni kaɗai nake yi. Nan take ya yanke hukunci: in ba a kaɗa dundufa a ƙofar gidan ba kafin ɗaurin aure ranar Asabar, garin Banga zai tafi wurin ƙanwarsa, a nemi wani ya karɓa wa Lawali aure. Ya shiga ɗaki ya cusa riguna biyu da buta da rediyo a buhu, ya ajiye a bakin ƙofa inda kowa zai yi tuntuɓe da shi. Yaya Lawali ya yi mini wani kallo da har yau idan na tuna sai na duba bayana. Baba ya ce ni na ɓata, ni zan gyara. An ji labarin akwai wani tsoho mai dundufa, Arzika, a Shinkafi. Aka haɗa ni da Kawu Mande, ƙanen Innarmu, mai fataucin albasa, wanda ke cin kasuwar can duk Alhamis.

Alhamis: Ƙaura zuwa Shinkafi

Muna sallame asuba muka kama hanyar tasha, Inna ta ɗaure mini hoce da ƙuli a leda kamar mai tafiya Makka a ƙasa. Motar da muka samu ƙarama ce, direbanta wani siriri da ake kira Ba-Birki. Na tambayi dalilin sunan, ya ce in shiga dai, zan gane.

Muka shiga, amma ba a tashi ba. A hanyoyinmu yanzu ba mai fita sai gari ya waye tangaran, motar farko ta shigo daga wancan ɓangaren. Da ta shigo duk direbobi suka yi mata caa.

"Hanya lahiya?"

"Lahiya lau, ku tai."

Sai kowa ya ruga motarsa. An cusa ni tsakanin Kawu da wani Buzu mai rawani, buhun albasa a cinyata, gwiwata ɗaya a Ƙaura ɗaya ban san inda take ba. Ba mu fita gari ba aka fara faɗa a kan waƙa. Ba-Birki ya sa ta soyayya, wani malami a gaba ya ce a ji tsoron Allah a sa bege. Buzun ya zaro wayarsa ya ce a ɗanɗana jitar mutanensu, ya kunna, ya lumshe ido yana kaɗa kai har rawaninsa na share mini fuska. Wata Bafulatana mai ƙwaryar nono ta ce duk hayaniya ce, in ana son abin da saniya ma za ta tsaya ta saurara, a nemo sarewa. Ba-Birki ya kashe rediyon gaba ɗaya, ya ce kowa ya yi tasa a zuci.

Shingaye kam mun sha su: na sojoji, na 'yan sanda, na 'yan sintiri. Akwai wurin da muka wuce wani ƙauye, rumbuna a tsaye, ƙofofi a buɗe, ko kaza babu. Nan motar ta yi tsit, malamin ya ja carbi, Ba-Birki ya nuna mana inda ya samo sunansa. Sai da muka hango rumfunan Shinkafi wani ya sake tari.

Kasuwar Shinkafi

Kasuwar nan in ka saki hannun kawunka sai dai ku haɗu a gida. Shanu, raƙuma, gishiri, tabarmi, ƙura da zafin bazara mai soya ƙwai a kan mutum. Kawu ya sauke albasarsa wurin dillali, muka nufi layin maƙera, hanya ta bi da mu ta rumfar mahauta.

Nan na ga abin da Kaka yake nufi. Wani mai kalangu yana tsaye yana matsa gangarsa a hammata, sai ya sauya kiɗa. Wani ƙaton mahauci da ke sarar ƙashi ya daskare, ya jefar da gatari, ya ɗaga wuƙa sama yana kirari, jijiyoyin wuyansa kamar igiyar guga. Ya yanko tsoka guda ya miƙa wa makaɗin. Kawu ya ce taken gidan mahaucin aka kaɗa. Kowane gida da nasa, in mutum ya ji na gidansu ba ya iya zama.

"Ka ga abin da ka so kai ma kakanka," in ji shi. "Da ya fito da tsinken tsire."

A layin maƙera muka sami wani abokin Baba, Malam Ummaru. Na so in taƙaita bayani, amma Kawu ya karɓe. Kafin ya gama, Malam Ummaru ya tsayar da mai zuga, ya leƙa waje ya ƙwala kira: "Ku taho ku ga jikan Jaɓɓi da yak kai kalangu maƙera!" Layi guda ya bar aiki. Wani ya tambaye ni nawa nake sayar da hanta. Wani ya ce a duba hannuna ko akwai kitse. Na tsaya ina murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a masallaci.

Da suka gaji, sai ga labari mara daɗi. Arzika ya bar Shinkafi tun da zama ya gagara a ƙauyensu, ya koma Zurmi wurin ɗiyarsa. Ba wanda ke da lambarsa, don ba shi da waya. Rana kuma ta yi sanyi, ba direban da zai ɗauki hanya a wannan lokaci. Muka kwana gidan Malam Ummaru. An kawo tuwon dawa miyar kuɓewa busasshiya, na ci har Kawu ya ce in tuna baƙi ne mu. Bayan magariba matan maƙwabta suka kifa ƙore a ruwa suna kiɗan suna, wata mai zaƙin murya tana bayarwa suna amsawa, tana yi wa dangin miji shaguɓe ɗaya bayan ɗaya. Na so in leƙa ta katanga, Kawu ya kama ƙeyata. Sauron Shinkafi kuwa ba cizo yake ba, ɗaukar mutum yake ya kai wa iyalinsa.

Juma'a: Zurmi

Da safe muka sake jiran motar farko, muka hau wata mai ɗaukar buhunan gero, muka sauka a mararraba, muka canza zuwa Zurmi. Mun shiga gari ana haramar masallaci. Bayan an sauko muka yi ta tambaya, daga mai shayi zuwa mai faci zuwa wata tsohuwa mai daddawa, ita ce ta san gidan.

Baba Arzika ɗan tsamurmurin tsoho ne, yana zaune a zaure yana tufka igiya. Muka gaisa, Kawu ya gabatar da buƙata, wannan karon ba gishiri, don na taka masa ƙafa.

Tsohon bai ɗago ba. "Yara na zuwa nan kullum. Kowa ɗan maƙera ne. In kaɗa, su ɗauka ga waya, su tai su yi dariya. Ni na bar hawa mota, hanyar ga ba ta tsoho ba ce." Sai ya dube ni. "Kai ɗan maƙera ne?"

"Tun daga kakan kakana, Baba."

"To mi ne taken gidanku?"

Na dubi Kawu. Kawu ya dubi rufin zaure, ya ce shi albasa ya sani. Na ce bari in gwada sa'a, na buɗe baki na kwaikwayi wani kiɗa da ke yawo a kaina. Baba Arzika ya ajiye igiyar.

"Wanga kalangu ne. Na mahautan Shinkafi."

Da ƙasa tana da ƙofa da na shige na kulle. Ya ce a kawo mana fura, mu sha mu kama gabanmu. Ina sha ina hango Yaya Lawali zaune a taro babu mai karɓa masa aure, dangin amarya suna raɗa. Sai na ce, "Baba, ni ban san taken ba, amma mai shi ya sani. In na kira gida, ka kaɗa, shi zai faɗa maka da bakinsa."

Ya ce wane ne mai shi. Na ce Jaɓɓi na Ƙaura. Ya ce Jaɓɓi a maƙeran Ƙaura sun fi a ƙirga, ya kaɗa wa da yawa. Amma ya miƙe.

Aka fito da dundufa daga bayan rumbu, doguwa ta kai mini ƙirji, baƙa wuluk don tsufa, da 'yar ƙaramarta. Ya shanya su a rana fatar ta ɗame, ya murza wani baƙin danƙo a tsakiya, yana bugawa da yatsa yana kasa kunne. Matsala ta gaba sabis. A duk unguwar wuri ɗaya ake samu, kan wata tsohuwar katanga kusa da juji. Na ɗauki ganga a kafaɗa, yaran unguwa suka biyo mu kamar an zo da kura. Na hau katangar, na kira Yaya Lawali.

"In ba ka samo ba kada ka dawo," shi ne sallamarsa.

Na ce ya kai wayar wurin Kaka ya buɗe murya, kada ya ce masa komai. Na kwanta rub da ciki a kan katanga, na miƙo hannu ƙasa saitin ganga, ƙafafuna suna lilo ta ɗaya gefen.

Baba Arzika ya kaɗa na farko. Sautin ya shiga cikina ya motsa furar. Daga wayar ba mu ji komai ba sai kukan zakara.

Ya sauya. Sai ga muryar Kaka, a fusace: "Wa ka kaɗa taken gidan Nomau? Mutanen da ko allura ba su iya miƙewa!"

Yara suka fashe da dariya. Gemun Baba Arzika ya motsa. Ya gyara tsayuwa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kaɗa na uku, a hankali da farko, sa'an nan ya sake shi.

Shiru. Na ɗauka sabis ya gudu. Sai muka ji wani abu ya faɗi, kamar kujera, sai ihu har wayar tana rawa a hannuna: "Sai ni Jaɓɓi na Hassi! Ƙarfe ya gan ni ya yi laushi! Garwashi abin wasan yarana!" Daga nan sai ƙarar faɗuwar waya da muryar Yaya yana cewa a riƙe shi, a riƙe shi.

Baba Arzika ya tsaya, sandunan kiɗa a hannu. "Jaɓɓi mai tabo ga goshi? Shina da rai?" Ya goge ido da hannun riga, ya ce ƙurar juji ce. "Ni na kaɗa mai ran da anka kawo mai Hassi amarya. Gobe mu tai."

Ban gama murna ba Yaya ya sake kira. Kaka ya huce, ya kuma koma kan bakansa: ji a waya ba gani ba ne, yaran zamani suna iya sa waya ta yi kukan jaki ma. In bai ga ganga da idonsa ba kafin azahar ɗin gobe, sai Banga.

Muka kwana a zauren. Ɗiyar Baba Arzika ta aiko da dambu, ta kuma aiko da gargaɗi ta bakin ɗanta: in tsohonta ya dawo ko da ƙwarzane, ta san hanyar Ƙaura.

Asabar: komawa gida

Ranar da kake sauri ita motar farko ke makara. Muka zauna a tashar Zurmi har hantsi ya ɗaga sosai, Kawu yana ta yi wa direbobi lacca a kan farashin albasa, ni ina cizon farce har na kusa kai wa gwiwar hannu. Da aka ce hanya lafiya, muka naɗe gangunan da tsohon bargo muka ɗaure a saman mota. Baba Arzika ya zauna a gaba, hannunsa ɗaya a waje yana riƙe da igiyar tun daga Zurmi.

A wani shinge soja ya hango dogon abu a naɗe, ya daka tsawa kowa ya fito. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da na kalle shi daga nesa sai da gabana ya faɗi. Aka sauke, aka kwance. Sojan, wani ƙaƙƙarfa daga kudu mai tsintacciyar Hausa, ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, sai fuskarsa ta washe.

"Baba, wannan akwai a garin mu! Namu ya fi wannan ƙiba. Ni ina buga a coci, ina buga a biki."

Ya rataya bindiga a baya, ya karɓi sanduna, ya saki wani kiɗa mai gudu kamar ruwan sama a kan kwano. Abokan aikinsa suka fara rausaya, wata mata a motarmu ta yi guɗa. Ni kuwa ina kallon inuwa tana gajarta.

"Yaya, Baba? Na iya?"

"Hannu na da kyau," in ji Baba Arzika. "Wa kake kira da shi?"

Sojan ya ce sunan ƙauyensu yake faɗa, da sunan kogin da ke bayansa. Tsohon ya jinjina kai, ya ce to ya sake, a hankali, ya ji. Na kusa kuka. Sai da Kawu ya rantse cewa akwai aure da ke shirin lalacewa sannan aka ɗaure mana kaya, sojan da kansa ya ja igiyar.

Mun shigo Ƙaura ana kiran azahar. Muka cusa ganguna da tsoho a keke mai ƙafa uku, ni na maƙale a gefe. Yaya ya kira ya ce masu kalangun da na ɗauko sun iso tun ɗazu, Baba yana ta ɗura musu abinci don kada hannunsu ya sami sarari. Sun ci shinkafa, sun ci waina, yanzu an koma fura, shugabansu ya ce ko hanci aka toshe masa ba zai ƙara ba.

Muna karyo kwanar layinmu na hango shi. Kaka a bayan ɗan kabu-kabu, babbar riga, buhu a cinya, mashin a kunne. Jama'a sun kewaye shi suna ba da haƙuri, yana kallon sama.

Baba Arzika ya ce a tsaya nan. Bai jira a kai ƙofa ba. Muka kafa dundufa a tsakiyar hanya, kusa da mai rake, ya saki taken.

Kaka bai sauko daga mashin ba, tashi ya yi. Ni dai na ga buhu a ƙasa, buta tana gangarawa, tsoho yana tahowa da kirari, hula a hannu. Ya tsaya gaban ganga, suka kalli juna.

"Arzika, ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ka riga ni, in kaɗa maka."

Aka ɗaura aure bayan an idar da salla, Kaka ya karɓa wa Yaya Lawali da murya kamar zai karɓi gari. Da la'asar aka hura wuta a ƙofar gida, tsofaffin maƙeran da na saba gani suna gyangyaɗi a kan benci suka yi ta wasa da jan ƙarfe kamar rogo. Masu kalangu suka sami fili bayan magariba, suka yi wa samari da 'yan mata nasu, Kaka ya ce yanzu kam ko garwa suke so su kaɗa.

Sai dai mutum in ana kaɗa takensa ba ya sanin abin da bakinsa ke faɗa. A tsakiyar wasa Kaka ya yi wa Baba Arzika kyautar garma da fartanyu da gatari da lauje, har da wuƙaƙen girki na ɗiyarsa, ga damina ta ƙarato, ga babu ko ɗaya a ƙere.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Malam Ummaru da tuwonsa, da sojan da ban tambayi sunansa ba. Kawu Mande ma na gode, duk da ya riga ya kai labarin kasuwanni uku. Baba Arzika ya zauna a gidanmu har aka gama ƙera masa kayansa, Baba ya raka shi Zurmi da kansa. Zugar wutar kayan nan kuwa, tun daga garma har wuƙa ta ƙarshe, ni na yi ta.